Ranar da Aka Ƙi Karɓar Jinin Tanki

A ma'ajiyar jini ta babban asibiti aka raɗa masa suna Tanki, sunan kuma ya biyo shi har garejin bas-bas na gari, inda yake kanikanci tun yana saurayi. Jininsa irin wanda ake iya ƙara wa kowa ne, irin da ba a cika samu ba. Shi ya sa Sista, ma'aikaciyar jinyar da ke kula da masu ba da jini, ta haddace lambar wayarsa. In mota ta kife, ko haihuwa ta zo da gardama, in dai lokacin sake bayarwarsa ya yi, sai ta kira. Shi kuwa ya ajiye sifana, ya wanke hannu da fetur, ya bi da sabulu, ya ɗare bas mai zuwa asibiti. Ya kwanta a gadon nan mai ledar da ta tsage a gefe, ya miƙa hannu, yana zolayar sababbin zuwa masu runtse ido.

"Ku saki jiki," yakan ce musu. "Ni da kuke gani, rabin garin nan da jinina suke yawo, ko gaishe ni ba sa yi."

Matarsa, Malama, wadda ke koyar da ƙananan yara a makarantar unguwa, ba ta taɓa son abin ba. Ita ko allurar rigakafi sai ta kau da kai. Duk ranar da ya dawo da auduga manne a hannu, sai ta ajiye masa abinci da ɗan ƙarfi.

"Wata rana sai sun tatse ka tas, su kawo min fata," in ji ta.

"Malama, ai rijiya ce. Ana ɗiba tana kawowa."

Abin ya fara ne da gajiya. Tayar bas da ya saba mirginawa da hannu ɗaya, sai ga shi yana tsayawa a tsakiyar gareji yana haki. In ya fito daga ramin gyara, sai ya dafa bango jiri ya wuce. Ya ce girma ne. Da safe in ya goge baki, kumfar sai ta fito ja, dasashinsa ya kumbura har yana rufe gindin haƙora. Ya ce buroshin ne ya yi tauri, ya sayi mai laushi. Wata rana Malama ta ga jini ya kwanta a cinyarsa, wuri mai faɗin tafin hannu, ta tambaye shi me ya buge shi. Ya yi tunani, bai tuna ba.

"Wa ya san abin da ke bugun bakanike?" ya ce. "Kullum ƙarfe ne ke gaishe mu."

Zazzaɓi ya zo, ya sha magani, ya tafi, ya dawo. Maƙogwaro ya yi ciwo ya ƙi warkewa. Duk wannan a cikin 'yan makonni ne, kuma kowanne shi kaɗai bai kai a kwanta masa ba. Malama ta yi ta fama da shi ya je a duba shi, yana cewa sai sun gama da injin da suka sauke.

Ranar da Sista ta kira, hantsi ne, yana ƙarƙashin wata bas. Wata yarinya ce aka shiga da ita tiyata. Bai ce mata ba shi da lafiya ba, don shi a ganinsa lafiyarsa ƙalau, gajiya ce kawai.

Sista ta daɗe tana kallonsa kafin ta ce ya zauna. Mace ce gajera mai tabarau, ba ta da yawan magana. Ta tsaga masa yatsa kamar kullum, ta ɗiga jinin a 'yar na'urar awo, ta duba. Ta sake tsaga wani yatsan. Wurin da ta fara tsagawa bai daina zuba ba, audugar ta jiƙe.

"Tanki, yau ba zan ɗauka ba."

"Na'urarki ce ta lalace. Ba ni sukundireba in duba miki."

Ba ta yi dariya ba. Ta ja fatar idonsa ƙasa, ta ga cikin fari fat. Ta sa ya naɗe wando, ta ga ƙwaurinsa cike da ƙananan jajayen ɗigo-ɗigo kamar an yayyafa masa fenti. Ta ce ya buɗe baki.

"Tun yaushe dasashinka ke haka?"

"An ɗan kwana biyu."

"Jininka ya yi ƙasa sosai. Wancan zuwan da ka yi lafiya lau yake. Zan ɗibi kaɗan a kwalba a auna shi duka. Kada ka koma aiki. Kira Malama ta zo."

"Yarinyar fa?"

"Zan nemo mata wani. Kai ka zauna."

Ya zauna a bencin waje, ransa a ɓace, kamar wanda aka kora daga gidansa. Tun da yake zuwa wurin nan ba a taɓa ce masa a'a ba.

Malama ta iso da alli a hannun rigarta. Kafin la'asar aka shigar da su ofishin likitar jini, wata doguwar mata mai furfura a goshi. Ta jawo kujerarta ta fito daga bayan tebur, ta zauna kusa da su. Ganin haka Malama ta matso kusa da mijinta.

Likita ta fara da tambayarsa abin da ya ji a jikinsa, ya faɗa mata, wannan karon bai rage komai ba. Sannan ta ce, "Ka san inda ake yin jini?"

"A zuciya mana."

"Zuciya famfo ce kawai, turawa take yi. Masana'antar tana cikin ƙashi, a ɓargo. Can ake ƙera jajayen ƙwayoyi masu ɗaukar iska, da farare masu yaƙi da cuta, da wasu ƙanana masu tsayar da jini in an ji rauni. Na duba naka a madubin awo. Akwai wasu fararen ƙwayoyi da ba su nuna ba, sun cika wurin. Ba sa girma, ba sa aiki, sai hayayyafa. Sun hana sauran fitowa. Hakin da kake yi, jajayen ne suka yi kaɗan. Zazzaɓin, masu yaƙin ne babu. Jinin dasashi da tabon jiki kuma, masu tsayarwar ne suka kusa ƙarewa."

Tanki ya gyaɗa kai a hankali. Wannan bayanin ya shige shi. "Kenan layin ƙira ne ya rikice, yana ta fitar da kayan da ba a gama ba."

"Haka ne. Ina zargin sankarar jini ce, irin mai sauri. Amma ba zan yanke ba sai na ɗebo ɓargon kansa na gani. Yau za ka kwana a nan."

Malama ta ce, "Likita, in mun je gida mun shirya, mu dawo wani satin fa?"

"Wannan ba ta jira, 'yar'uwa. Da irin mai tafiyar hawainiya ce, da na bar ku."

Washegari aka kwantar da shi ta gefe, aka kashe masa fatar bayan ƙugu, Likita ta murɗa wata allura mai kauri cikin ƙashi. Zafin tsaga bai dame shi ba. Lokacin da ta zuƙo ɓargon ne ya ji kamar an ja wata jijiya daga tafin ƙafarsa har ƙeya. Ya damƙe ƙarfen gado, ya ce, "Likita, wannan sifanar taki ba ta da tausayi." Ta ce ta kusa gamawa, kuma da gaske ta kusa.

Sakamakon ya tabbatar da zarginta. Ta ce sunan cutar a wajensu dogo ne, a taƙaice AML suke ce mata. Ta ce an aika wani ɓangare na ɓargon a bincika irin gurɓacewar da ta faru a cikin ƙwayoyin, don da shi za a san ko magani kaɗai zai isa. Za a fara kemo nan take, magani mai ƙarfi da zai share ɓargon gaba ɗaya, mai kyau da marar kyau, a jira sabo ya tsiro.

A ranar ce Yaya ta iso. Ita ce babbar yayarsa, su biyu suka rage a ɗakinsu, kuma har yau da furfurarsa Autan Inna take ce masa. Mai sayar da kayan kicin ce, muryarta ta saba da kasuwa. Ta shigo da jaka biyu ta cika ɗakin, ta dube shi sama da ƙasa.

"Autan Inna, haka ka lalace ba wanda ya gaya min?"

"Yaya, ni ma jiya aka gaya min."

Malama kuwa tun da aka ambaci sunan cutar ta koma gefe guda. Tana tsaye jikin taga sai ga Sista ta leƙo duba shi. Malama ta juyo.

"Kin zo ganin aikinki?" ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa. "Shekara da shekaru kuna zuƙarsa. Na faɗa, na faɗa. Yanzu ɓargon ya gaji ya lalace, hankalinku ya kwanta."

Sista ta tsaya a bakin ƙofa. Tanki ya ce, "Haba Malama," amma ba shi da ƙarfin da zai ƙara. Likita, wadda ke duba ledar ƙarin ruwa, ita ta amsa.

"Zauna, Malama, gara ki ji daga bakina. Ba da jini ba ya kawo wannan cutar. Da yana kawowa, da ni zan fara rufe wancan ɗakin. Abin da zuwansa ya yi shi ne ya sa aka gano ta yana tsaye da ƙafarsa. Da yawa sai an ɗauko su ranga-ranga muke ganinsu."

"To me ya kawo ta?"

"Gado ne?" in ji Yaya. "Don kawunmu ma haka ya yi ta ramewa."

"Ba kasafai ake gadonta ba, kuma ba a ɗaukarta daga wani. Yawancin masu ita, ba mu san dalili ba. Ƙwaya ɗaya ce ke kuskure a ɓargo, ta yi ta haifar irinta. Akwai dai abubuwan da ke ƙara haɗarin: shekaru, taba, wasu magungunan sankara da mutum ya taɓa sha, da wani sinadari da ke cikin fetur." Ta dubi Tanki. "Kana shan taba?"

"Na bari tun kafin a haifi 'yarmu."

"Fetur fa?"

Ya tuna kwanon fetur da ke bakin rami, wanda kowa ke tsoma hannu a ciki kafin cin abinci. Ya tuna sau nawa ya sa tiyo a baki ya zuƙo mai daga tanki, ya tofar, ya yi dariya.

"Da shi muke wanka, kusan," ya ce.

"Ba zan rantse cewa shi ne ba," in ji Likita. "Wani ya yi fiye da haka bai kamu ba. Amma in ka ga abokan aikinka, ka ce su daina."

Malama ta zauna. Ba ta ba Sista haƙuri ba a ranar. Sista ta gyara masa matashi ta fita.

Aka mayar da shi wani ɗaki shi kaɗai, mai taga ɗaya da ba a buɗewa. Duk mai shiga sai ya wanke hannu ya ɗaura takunkumi. Kemon ya shiga ta wani siririn bututu da aka dasa masa a ƙirji. Kwanakin farko har yana cewa abin bai kai yadda ake zuzuta shi ba. Daga baya ya daina cewa komai. Bakinsa ya cika da gyambo, ruwa ma sai ya yi shawara kafin ya haɗiya. Gashinsa ya bi matashi. Yaya ta kalli ƙoƙon kansa ta ce haka yake ranar da aka haife shi, muninsa bai ragu ba. Ya so ya yi dariya, bakin ya hana.

Da ɓargon ya mutu, jikinsa ya daina yin jini kwata-kwata, sai abin da aka ƙara masa. A nan ne abin da yake taƙama da shi ya juya masa baya. Jininsa na shiga jikin kowa, amma jajayen ƙwayoyin da nasa jikin zai karɓa sai na irinsa kaɗai. Ledojin irin jininsa da ke firjin ma'ajiya suka ƙare. Sista ta kira duk wanda ta sani mai irin jinin. Wani ya yi tafiya, wani bai daɗe da bayarwa ba, wata tana da ciki. Zazzaɓi mai zafi ya rufe shi a daidai lokacin, ya koma ko ɗaga kai ba ya yi.

Yaya ta naɗe hannun riga ta nufi ma'ajiya, Likita ta tare ta.

"Ke ba za ki ba shi jini ba, ko da ya dace. Binciken nan ya dawo, irin tasa tana son komowa bayan magani. Mai yiwuwa mu buƙaci ɓargonki a dasa masa. In jikinsa ya saba da jininki tun yanzu, zai iya ƙin dashen."

"To in zauna ina kallo?"

"Ki zauna kina cin abinci. Aikinki yana gaba."

Malama ce ta tafi gareji. Ba ta taɓa shiga wurin ba sai ranar. Ta ratsa tsakanin bas-bas da tabkunan baƙin mai, takalminta na santsi, har ta sami direbobi suna shan shayi kafin fita. A cikinsu akwai wanda ake kira Rediyo, abokin Tanki, wanda ba a taɓa ganin bakinsa a rufe ba. Ta gaya musu halin da ake ciki. Ta ce irin jinin yana da wuya, a cikin mutane da yawa da ƙyar a sami ɗaya, saboda haka mutane da yawa ake so.

Rediyo ya ajiye kofi. "Malama, mutane da yawa ai su muke ɗauka tun safe har yamma."

Layin bas ɗinsa ta ƙofar asibiti yake bi. Da ya iso tashar, sai ya ja birki, ya kashe inji, ya juyo ya fuskanci fasinjoji.

"Jama'a, ku ba ni minti ɗaya. Birkin da ya tsayar da mu yanzu, wani mutum ne ya ɗaura shi, yana kwance a benen can. Shekara da shekaru yana ba mutanen garin nan jini, bai taɓa tambayar wa za a ba ba. Yau shi ke nema. Wanda ke da hali ya sauka. Bas ta gaba za ta ɗauke shi, mun yi magana."

Wani ya yi tsaki ya ce ya makara. Sai wata mata mai ɗauke da kwandon kayan miya ta miƙe ta sauka. Wasu ɗalibai suka bi ta suna ture juna. Rediyo ya tayar da inji, ya yi gaba. Da ya zagayo ya sake. Sauran direbobin layin suka ɗauka, kowa da irin nasa jawabin, wani mai tsawo, wani kalma uku. Kanikawa suka zo da yamma cikin kayan aiki, Sista ta kora su famfo su wanke hannu har gwiwa, da sabulu kawai.

Layi ya fito daga ma'ajiya, ya bi baranda, ya sauka matakala. Sista ta aro gadaje daga wani sashe. Yawancin jinin bai dace da Tanki ba, aka jera shi a firji don wasu. Amma a cikin taron aka tsinci masu irin nasa: matar nan mai kwando, wani mai gadin banki, ɗaya daga cikin ɗaliban, da wasu da suka zo washegari. Babu wanda ya san shi a cikinsu.

Can wajen ƙarshen layi Sista ta ɗaga kai ta ga Malama a gabanta, ta naɗe hannun riga, fuskarta ta yi fari kamar allinta.

"Na san nawa ba zai yi masa ba," in ji Malama. "Ki ɗiba ki ba wani." Ta matso kusa. "Kuma maganar da na gaya miki rannan, ki yafe ni. Tsoro ne."

"Na sani," in ji Sista. "Kwanta. Kalli bango, ki gaya min sunayen yaran ajinki."

Malama ta fara jero su ɗaya bayan ɗaya. Kafin ta kai ƙarshen aji, ledar ta cika.

Tanki bai san an yi ba. Ya dai farka ya ga leda ja rataye a kansa, yana jin ɗumi na dawo masa yatsu. Da aka ba shi labari, sai ya juya fuska bango ya daɗe a haka. Daga baya ya ce wa Malama, "Ke ma?" Ta nuna masa audugar da ta ƙi cirewa.

Zazzaɓin ya sauka. Wata safiya Likita ta shigo tana murmushi a bayan takunkumi, ta ce fararen ƙwayoyi masu kyau sun fara leƙowa. Suka ƙaru washegari, suka sake ƙaruwa. Aka sake huda ƙugunsa, wannan karon bai yi ƙorafi ba. Ta duba ta ce ba ta ga ko ɗaya daga cikin miyagun ba.

"Na warke kenan?"

"Ta kwanta. Ban ce ta mutu ba. Shi ya sa muke son Yaya."

An auna jinin Yaya, ɓargonta ya dace da nasa. Likita ta ce ba kowane ɗan'uwa ke dacewa ba, sa'a ce babba. Yaya ta ce ba sa'a ba ce, ita ta goya shi. Bayan wani zagayen kemo, aka yi mata allurai na 'yan kwanaki har ƙasusuwanta suka yi ta ciwo, sannan aka zaunar da ita jikin wata na'ura da ke jan jini ta hannu ɗaya, ta tace ƙwayoyin da ake so, ta mayar da sauran ta ɗaya hannun. Wuni guda tana zaune tana ba ma'aikatan labarin rashin jin Autan Inna. Abin da aka samu 'yar leda ce da ba ta kai kofin shayi biyu ba. Aka rataya masa kamar ƙarin jini.

"Shi kenan dashen?" ya tambaya. "Ba yanka, ba ɗinki?"

"Shi kenan. Su suka san hanyar gida, za su shiga ƙashi da kansu."

Watannin da suka biyo baya ba su zo da sauƙi ba. Fatarsa ta yi ƙuraje, cikinsa ya rikice, Likita ta ce sabon ɓargon ne ke yi wa jikin kallon baƙo. Yaya ta ce halinta ne, duk gidan da ta shiga sai ta gyara shi. Ya koma gida da jakar magunguna, ya rame har wandonsa sai da Malama ta rage. 'Yarsu ta dawo hutu daga makaranta ta ga ubanta, ta shiga banɗaki ta yi kukanta, ta fito ta ce ya yi kyau. Ya fara da zagaya tsakar gida, sannan zuwa bakin layi, sannan har tashar bas, inda yakan zauna da takunkumi direbobi na danna masa hon.

Da shekara ta zagayo aka sake duba ɓargon. Likita ta ce tsaf yake, kuma duk ƙwayoyin da ke ciki na Yaya ne. Har rukunin jininsa ya canza ya koma irin nata. Ta ce za su ci gaba da sa ido na wasu shekaru, amma yanzu yana iya komawa aiki, banda rami da fetur. Ta kuma gaya masa ba zai sake ba da jini ba har abada. Wannan ta ɗan taɓa shi. Ya sauka ma'ajiya ya gaya wa Sista, ta ce ba komai, mutanen da Rediyo ya sauke mata da yawansu sun zama 'yan gida, har da Malama. A gareji aka ba shi kula da ɗakin kayan gyara. Kwanon fetur ɗin nan ya sa aka kife shi, aka kafa famfo da sabulu a wurin.

Ba a jima ba Yaya ta tashi daga gidan da take ta koma wani bene kusa da shagonta. Ranar kwashe kaya ta kira shi da sassafe.

"Autan Inna, masu ɗaukar kayan sun ce firjin ba zai hau ba, matakalar ta yi ƙunci. Zo ka gani."

Malama ta karɓe wayar. "Yaya, mutumin da bai daɗe da tashi ba?"

"Wane bai daɗe ba? Jinina ne a jikinsa, ni kuwa ban taɓa ganin kayan da suka gagare ni ba. Turo min shi."

Suka je tare. Tanki ya auna matakalar da ido, ya sa aka cire ƙofar firjin, ya ce a kwantar da shi ta gefe. Mai ɗaukar kaya ɗaya ya kama sama, ɗayan ya tsaya yana neman inda zai riƙe. Tanki ya ce ya matsa. Ya sa kafaɗa a ƙasa, ya ce, "Mu je."

Suka hau a hankali, suna juyawa a kowace kwana, fentin bango na gogar hannunsa. Malama na biye da su tana cewa a ajiye a huta. Yaya na sama tana ba da umarnin da ba wanda ke bi. A hawa na biyu suka dire shi a kicin. Tanki ya miƙe, gumi na bin wuyansa, ya ja numfashi ya ji ya shiga har ƙasa. Ya tsaya yana sauraren ƙirjinsa. Zuciyar na bugawa da ƙarfi, irin bugun mai aiki.

Malama ta miƙa masa ruwa, tana kallon fuskarsa. "Jiri?"

"Babu."

"Gaskiya?"

"Gaskiya. Yunwa dai."

Yaya ta zagaya firjin ta duba ko an ƙwarzane shi, ba ta ga ko ƙwarzane ɗaya ba. Ta ce, "To madalla. Saura gado da kabad."

Tanki ya ajiye kofin, ya share hannu a wando, ya sauka ɗauko gadon.